Sabon zuwa Ingila, kafin ka zuba kuɓewa fara da guzberi

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman ku da kuka sauka bana, ɗalibai da masu aikin asibiti da masu kula da tsofaffi, sannunku da zuwa, ya sanyi ya baƙunta.

Duk shekara da zarar sabon zuwa ya samu gida mai ɗan fili a baya, tambayar farko ita ce wai kuɓewa tana yi a nan kuwa, ina zan samu irin yakuwa. Na san wannan kewar, don nima da ita na fara shekarar da na zauna a Lids, wani birni a yankin Yokshaya a arewacin Ingila. Na zuba kuɓewa a watan Mayu, ta fito kamar da gaske, tayi ganye huɗu ta tsaya cak, ga iska mai sanyi ga ruwa ba ƙaƙƙautawa, har Satumba ban tsinki ko ɗaya ba, zogale kuwa sanyin Nuwamba na farko ne ya gama da shi. Wallahi abin ya min ciwo, don ni ɗan manomi ne, tun ina yaro nake riƙe fartanya, sai gashi ƙasa taƙi amsa min. Ba wai kayan gida basa yi sam ba, suna yi a ɗakin gilashi ko na leda in ka san kan abin, amma ba da su ya kamata baƙo ya fara ba. Ka fara da abin da ƙasar take so, wanda sanyin da kake gudu shi kuma nemansa yake, shi zai koya maka yadda shekarar nan take juyawa. A wajena wannan abu shine guzberi, wanda Turawa ke rubutawa gooseberry.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ɗan kurmi ne gajere da bai cika wuce ƙugu ko ƙirjin mutum ba, ga ƙaya kamar ta magarya, 'ya'yansa kamar inabi amma sun ɗan fi kauri, da jijiyoyi a jiki da ɗan gashi-gashi. Yana ɗanye tsami ne zalla, in ya nuna sai zaƙi ya shigo tsamin ya koma baya. Duk wanda ya tashi da tsamiya da yakuwa da tsada bakinsa ba zai yi baƙunta da shi ba. Kada ku haɗa shi da amla da ake sayarwa a shagunan Indiyawa da 'yan Pakistan, shima ana ce masa guzberi amma bishiyar ƙasar zafi ce daban, haka ma wancan ruwan ɗorawa mai riga kamar takarda da ake gani a sufamaket, duk ba su bane.

Wani dattijo Bature ne maƙwabcina a gonar haya ya fara nuna min. Gonar haya nake cewa alotmen, wato ɗan filin da kansul (ƙaramar hukuma) ko ƙungiyar unguwa ke ba mutum haya shekara-shekara, cikakke yakan kai murabba'in mita 250 amma yanzu yawanci rabi ake bayarwa, kuma rabin ma ya ishe ka. Dan Allah tun makon da ka samu adireshi ka shiga shafin kansul ɗinku ka sa sunanka a layi, don a manyan garuruwa layin yakan ɗau shekaru, sa suna ba ya hana ka komai. Toh wannan dattijo da ya ga ina tsaye kan matacciyar kuɓewata sai ya kira ni ya nuna min wasu 'yan bishiyoyin guzberi a bakin shingensa yace wannan tun yaransa suna makaranta ya dasa su kuma har yau suna ba shi. Ba ƙari yayi ba, gindi ɗaya in an kula da shi yana kai shekara 15 zuwa 20 yana haihuwa.

Maganar iri. Kada ka ɗauki duk wanda ka gani an rubuta guzberi kawai, ka duba sunan. Akwai wata fumfuna fara kamar an barbaɗa gari da ta shigo Turai daga Amurka a farkon shekarun 1900 ta yi wa tsofaffin iri ɓarna sosai, shi yasa aka fito da masu jure mata. Biyu zan ambata don su na sani da hannuna. Invicta, wanda aka fitar a cibiyar binciken itatuwa ta East Malling a yankin Kent, 'ya'yansa kore ne manya kuma yana zuba haihuwa, gindin da ya kama ƙasa zai baka kilo biyu zuwa huɗu, illarsa ƙaya, ƙaya ta gaske. Sai Hinnonmäki Red, ɗan ƙasar Finlan, ja ne, 'ya'yan basu kai na Invicta girma ba amma sun fi daɗin ci haka nan, kuma abin da aka raina a sanyin Finlan ai sanyin Yokshaya wasa ne a wajensa. In guda ɗaya zaka saya kuma akwai yara a gida ni Hinnonmäki zan ce maka. Gindi ɗaya ma yana haihuwa shi kaɗai, baya buƙatar abokin zama.

Abin da yafi ɗaure wa mutanenmu kai shine lokacin dashe. Mu mun saba sai ruwa ya sauka ƙasa ta ɗau ɗumi ake shuka, a nan kuwa daga Nuwamba zuwa Maris ake dasa shi, lokacin da ya zubar da ganye yana barci. Za a sayar maka da shi tsirara, saiwa ba ƙasa, kamar busassun ƙirare da aka ɗaure a leda, kada ka ce an cuce ka, da ransa, kuma ya fi na cikin tukunya araha. Ka jiƙa saiwar a bokiti kamar awa ɗaya, ka haƙa rami mai faɗi, ka cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki, ka duba jikin karan zaka ga alamar inda ƙasa ta tsaya masa a da, a nan zaka tsayar, ka taka gefen da ƙafa ka ba shi ruwa. Ranar da ƙasa ta daskare ko ta cika da ruwa taf ka bari sai wani satin. In fiye da ɗaya ne ka bar mita ɗaya da rabi a tsakani, zaka ga kamar ɓarnar fili ne amma bayan shekara uku zaka gode. Baya son inda ruwa ke kwanciya, kuma yana haƙuri da 'yar inuwa, wanda hakan alheri ne don bayan gidajen nan na jere rabin yini katanga ce ke tare rana.

Masu haya, ku tambayi mai gidan a rubuce kafin ku haƙa masa fili, saƙon waya ma ya isa, kada a zo fita a riƙe muku kuɗin ajiya kan abin da bai taka kara ya karya ba. In ya ƙi, ko kuwa kun san ba zama zakuyi ba, babbar tukunya mai faɗin santimita 40 da huji a ƙasa ta wadatar, ranar tashi a sa ta a bayan mota tare da katifa. Sai dai na tukunya kullum idonka na kansa wajen ruwa.

Yanzu ga inda aikin yake, aski. Mutanenmu suna jin tausayin yanke reshe, sai a bar kurmin ya cunkushe, iska bata ratsawa, fumfuna ta samu gida, in ka zo tsinka kuma hannunka ya sha ƙaya. Ka ɗauke shi kamar ƙwarya da aka ɗora kan ɗan gajeren turmi, ƙafa ɗaya tilo a ƙasa kamar tsawon tafin hannu, sai manyan rassa takwas zuwa goma su buɗe waje, tsakiya fayau. Da hunturu ka sa safar hannu mai kauri ka ɗau almakashin lambu, ka cire matacce, ka cire wanda ya gitta kan ɗan uwansa, da wanda ya nufi tsakiya, da wanda ke jan ƙasa, da 'yan tsiron da ke fitowa daga gindi. Ƙananan rassan gefe ka rage su ka bar ido biyu ko uku, a nan 'ya'yan ke fitowa. Sai kuma wajen tsakiyar Yuni ka sake bi ka datse sabon tofon gefe ka bar ganye biyar. In ka ga farin garin nan a kan tofo ka yanke ka jefa a bolar kayan lambu, kar ka zuba cikin takinka. Akwai wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji, Turawa na ce masa bullfinch, da ke cinye idon reshe da hunturu, in yana yawa a unguwarku ka jinkirta askin zuwa ƙarshen Fabrairu.

Taki kuma kada ka yi masa irin na masara. Taki mai sa ganye in yayi yawa sai tofon ya fito laɓo-laɓo, shi kuma fumfuna ke so. Abin da yake nema takin da ake ce wa potash ne, ana sayarwa a gaden senta wato shagon kayan lambu, ɗan barbaɗe a ƙarshen hunturu, ko tokar itace tsantsa kaɗan, banda tokar gawayin kwal ko ta katako mai fenti. Sannan ka lulluɓe gindin da ruɓaɓɓen taki don ya riƙe laima. Saiwarsa a sama-sama take, kar ka sa fartanya da ƙarfi kusa da shi, ciyawa da hannu ake cire ta. In ya yi fure a Afrilu aka ce daren zai daskare, ka rufa masa tsohon zani ko labule ka yaye da safe, shi gindin ba abin da zai same shi, furen ne mai rauni.

Abokin gaba na gaske kuwa tsutsa ce, kore mai ɗigo-ɗigon baƙi, Turawa na ce wa uwarta sawfly in zaka bincika. Shekarata ta biyu na tafi aiki na kwana huɗu a jere ban leƙa ba, na dawo na tarar Invicta ɗina ba ganye ko ɗaya sai jijiyoyi, na tsaya na rasa abin cewa. Daga ƙasa can tsakiyar kurmin take farawa inda ido baya kaiwa, kuma tana dawowa har sau biyu sau uku daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen lokacin zafinsu. Maganinta ido ne, duk bayan kwana biyu ka tsuguna ka ɗaga ganyen ƙasa ka duba bayansa, ka tsince da hannu. A watan Yuni magariba sai wajen tara da rabi, ko ka taso aiki a makare akwai haske. Gindin nawa bai mutu ba, ya sake tofo, amma haihuwar shekara mai zuwa ta ragu. Da 'ya'ya sun fara kumbura kuma ka sa raga don tattabarun daji da sauran tsuntsaye, ka ɗaure ta tamau kar wani tsuntsu ya maƙale ciki, alhaki ne.

Tsinka sau biyu ake yi. Farkon Yuni ka cire ɗaya ka bar ɗaya, waɗanda ka cire masu tsami na dafuwa ne, sauran su samu wuri su yi ƙiba su nuna a Yuli. A wannan tsakanin kar ka bar ƙasa ta bushe ƙamas sannan ka malala ruwa, fashewa suke. Turawa jam suke yi da shi da kayan zaƙi. Mu a gidanmu uwargida tana dafa ɗanyen ta tace ta zuba a zoɓo da citta da kanumfari, ta taɓa dama kunu da ruwansa ranar da tsamiya ta yanke mana, ba ɗaya bane da tsamiya amma yara sun shanye. Ragowar a firiza yake zama har hunturu ba abin da yake yi.

In kuna kusa da arewacin Yokshaya, akwai ƙauyen Egton Bridge da ke gasar guzberi mafi nauyi tun 1800, Talatar farko ta watan Agusta, an taɓa auna ƙwaya ɗaya da ta wuce giram 60, kusan ƙwan kaza kenan. Ku kai yara su gani. Kuma a gonar haya da ka tambayi tsofaffin nan yadda ake askin guzberi zaka ga fuska ta sake, wanda shekara guda gaisuwa kawai kuke zai tsaya ya baka rabin awa, kafin ka ankara ya miƙo maka reshe. Karɓa zakayi, wajen Oktoba ake yankar sa, tsawon santimita 30 kaurin fensir, ka cire idanun ƙasa ka bar uku ko huɗu na sama, ka soke rabinsa a ƙasa a wani lungu ka rabu da shi, baɗi war haka ya yi saiwa sai ka mayar da shi mazauninsa.