Yadda za a taimaki yaro ya iya haɗa baƙi

Da farko a tanadar masa littafin rubutu da fensir, a kuma zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, kamar bayan la'asar. Minti 15 sun wadatar.

A fara da wasula biyar, wato a, e, i, o, u, sannan a riƙa haɗa su da baƙi yana furtawa da ƙarfi: ba, be, bi, bo, bu. Idan waɗannan sun zauna, sai a rarraba masa kalma gaɓa-gaɓa, misali ma-ka-ran-ta, yana tafa hannu a kowace gaɓa kafin ya rubuta.

Wurin da ya fi buƙatar haƙuri shi ne haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. A rubuta masa "bari" da "ɓari" kusa da juna, a furta su a hankali har kunnensa ya rarrabe. Yaron Katsina kan rubuta "hwari" domin haka yake ji a gida, kuma bai kamata a kushe masa maganarsa ba. A nuna masa dai cewa a daidaitacciyar Hausa "fari" ake rubutawa. Wanda ya fara da allo kuwa ya saba tasowa daga dama, saboda haka a sa masa alama a gefen hagu na shafi.

Daga nan a yi masa shifta ta kalmomi biyar, ya duba ya gyara da kansa, washegari a maimaita waɗanda ya kuskure. Idan zango ya wuce ba a ga sauyi ba, a tuntuɓi malaminsa, a kuma kai shi asibiti a duba idonsa da kunnensa.