Kurakuran da ake yi wajen gane shanshanin ƙarƙashin dutse

Mu dai da an ɗaga dutse wani abu mai ƙafafu rututu ya fito a guje sai mu ce shanshani ne, shikenan an rufe magana. Toh dangi-dangi ne su ma, kuma na ƙarƙashin dutse, wanda masana ke kira Lithobiidae, shi aka fi yi wa kuɗin goro.

Kuskuren farko rashin ƙirga ƙafa ne. Babbansa ƙafa 15 gare shi kowane gefe, 30 kenan, kuma ɗan ƙarami ne, da yawansu ba sa wuce santimita 3. Wancan ƙaton da ke shigo mana ɗaki da damina mai cizon bala'i, Scolopendra ne, shi 21 ne kowane gefe, ba danginsu ɗaya ba sam. Ƙadandoniya kuwa ba ta ma cikin lissafi, ita ƙafa huɗu ce a kowace gaɓa kuma in ka taɓa ta naɗewa take yi.

Sai dai ƙirgar ma tana yaudara. Ɗan shanshanin ƙarƙashin dutse da ƙafa 7 kowane gefe yake ƙyanƙyashewa, yana saɓa yana ƙarawa har ya cika 15, so in ka ga mai 8 ko 10 kar ka yi saurin cewa ka gano sabon iri, yaro ne kawai bai gama girma ba.

Inda aka fi shan wahala shi ne raba shi da ɗan uwansa Henicopidae, don shi ma 15 ɗin ne, kala ma kusan ɗaya, ja-ja mai ruwan ƙasa. Anan sai ka sa shi a kwalba ka ƙara girman kansa da kyamarar waya. Lithobiidae yawanci ƙananan idanu ne a cure kowane gefe da 'yan ƙayoyi a ƙafafu, Henicopidae ido ɗaya tal kowane gefe ko babu ma gaba ɗaya, ƙafarsa kuma ba ƙaya.

Wanda ya fi ban haushi gaskiya, duk hoton da aka ɗora sai a rubuta Lithobius forficatus don shi ya fi yawa a intanet. Wannan ɗan Turai ne da masanin halittu Linnaeus ya bayyana tun 1758, alhali dangin na da iri wajen 1,000, mafi yawansu a Turai da Asiya da Arewacin Amurka. In baka duba shi a madubin ƙara girma ba, rubuta sunan dangin kawai ka tsaya nan.