Darasi: Idan Wi-Fi na Gida Ya Yi Rauni Ko Yana Ɗaukewa

Intanet ɗin da ke shigowa wayarku a cikin gida tafiya biyu yake yi. Ta farko daga kamfanin da ke sayar muku da shi zuwa na'urar da ke rarraba shi, wadda ake kira rauta. Wannan tafiyar takan zo ta kebul, ko ta layin sim da ke cikin rautar. Ta biyu kuwa daga rautar ce zuwa wayarku ko kwamfutarku, ta iska. Wannan ta biyun ita ce Wi-Fi. Ku riƙe wannan bambanci da kyau, domin mutane da yawa suna ɗora wa kamfani laifi alhali matsalar tana cikin ɗakinsu, wasu kuma su sayi sabuwar rauta alhali tun daga waje sabis ɗin bai iso ba.

Gano inda matsalar take

Ku ɗauki waya ku tsaya dab da rautar, ku buɗe bidiyo. Idan ya tafi lafiya a nan, amma da kun shiga wani ɗaki ya fara tsayawa, to Wi-Fi ɗin ne ba ya kaiwa can da ƙarfi. Idan ko a gabanta ba ya tafiya, kuma haka abin yake a duk wayoyin gidan, matsalar daga kamfani take ko daga ita kanta rautar. Idan waya ɗaya ce kawai take fama, sauran suna lafiya, wayar za a duba: a kashe Wi-Fi ɗinta a sake kunnawa, ko a umarce ta ta manta da sunan Wi-Fi ɗin, sannan a sake shigar da kalmar sirri.

Kada sandunan Wi-Fi da ke saman fuskar waya su ruɗe ku. Cikarsu tana nuna cewa wayar tana jin rautar sosai, ba ta nuna cewa akwai intanet a bayanta.

Wurin ajiye rauta

A nan zan fi daɗewa, saboda a ganina nan ne gyara mafi girma yake, kuma ba ya cin ko kwabo.

Ku ɗauki rauta tamkar fitila. Wanda yake son haske ya game ɗaki ba zai sa fitilarsa a ƙarƙashin gado ko cikin akwati ba, zai ɗora ta sama a tsakiya. Haka rauta take watsa igiyoyin rediyo ta kowane ɓangare, kuma ƙarfinsu yana raguwa da sauri. A fili ma, inda babu abin da ya tare, idan nisa ya ninka biyu, ƙarfin da ke isowa kan sauka zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. To ina ga an haɗa da bango?

Ba duk bango ne yake tarewa daidai ba. Katako da labule kaɗan suke ragewa. Bulo da kankare suna cin sigina sosai, musamman kankaren da aka zuba wa rodi a ciki. Ƙarfe ya fi kowa, domin mayar da igiyoyin baya yake yi: ƙofar ƙarfe, firji, kabad na ƙarfe, har da babban madubi, tunda bayansa shafen ƙarfe ne. Ruwa shi ma yana shanye su, shi ya sa tankin ruwa tsakanin rauta da ɗaki yakan kawo cikas. Wani abu da ba a cika lura da shi ba: idan sigina ta ratsa bango a karkace, kaurin da za ta keta ya fi na wadda ta ratsa shi kai tsaye.

Saboda haka ku matso da rautar kusa da tsakiyar gida gwargwadon yadda kebul zai bari. Ku ɗora ta a kan tebur ko kanta, kada a bar ta a ƙasa, kada kuma a ɓoye ta bayan talabijin don gudun muni. Idan tana da eriya a waje, ku miƙe su tsaye, domin eriya ta gefenta take watsawa, samanta kuwa rauni ne. Wanda gidansa bene ne zai iya kwantar da guda ɗaya don hawa na sama ya samu. Masu rauta mai sim suna da ƙarin lissafi, tunda ita ma sai ta ji turken kamfani da ke waje, don haka kusa da taga yakan fi mata. Sai a nemi tagar da ta fi kusa da inda mutanen gidan suke zama.

Zango biyu: 2.4 da 5

Yawancin rautocin yanzu suna watsawa a zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz (GHz ma'aunin saurin kaɗawar igiyoyin rediyo ne). Wani lokaci za ku ga sunaye biyu a waya, ɗaya da lamba 5 a ƙarshensa. Zangon 2.4 ya fi zuwa nesa, ya fi ratsa bango, amma bai kai ɗayan sauri ba, kuma cunkoso ya yi masa yawa: Bluetooth a nan yake aiki, na'urar ɗumama abinci ta maikrowef ma a wajen 2.45 GHz take, ga kuma rautocin maƙwabta. Idan intanet yana ɗaukewa duk lokacin da aka kunna maikrowef, kun gano ɓarawon. Zangon 5 ya fi sauri, ya fi sarari, sai dai bango yana gajiyar da shi da wuri. Wanda ke kusa da rauta ya hau 5, na ɗaki mai nisa ya tsaya a 2.4.

A cikin zangon 2.4 akwai tashoshi masu lamba, kuma yawancinsu suna hawa kan juna. Guda 3 ne ba sa taɓa juna: 1 da 6 da 11. Idan gidaje sun yi kusa da kusa, canza tasha zuwa ɗaya daga cikinsu yakan rage katsewa. Ana yin haka a shafin saitin rautar. Adireshin shafin yakan kasance 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, kuma galibi an rubuta shi tare da kalmar shiga a takardar da ke manne a ƙasan rautar. Kafin ku canza komai, ku rubuta yadda kuka same shi a takarda, ku kuma canza abu ɗaya kawai a lokaci guda, ku gwada, sannan ku taɓa na gaba.

Idan yana zuwa yana ɗaukewa

Rauta ƙaramar kwamfuta ce, takan rikice idan ta daɗe tana aiki. Ku zare ta daga soket, ku jira kamar daƙiƙa 30, ku mayar, ku ba ta minti 2 ko 3 ta gama tashi. Ku kiyayi ɗan ramin nan da ke bayanta wanda ake dannawa da tsinke. Shi goge saiti gaba ɗaya yake yi, har da suna da kalmar sirri.

Ku taɓa jikinta. Idan ta yi zafi sosai, ku ɗauke ta daga rana, ku kaɗe ƙurar da ta toshe ramukan shan iskarta, kada a rufe ta da ƙyalle. Idan fitilunta suna mutuwa su dawo da kansu, ku duba cajarta da soket ɗin, domin caja mai rauni ko wadda ba tata ba tana sa ta riƙa sake tashi. A shafin saiti kuma akwai wurin sabunta manhajar da ke cikinta. Yayin da take sabuntawa kada a zare ta daga wuta.

A wannan shafin za ku ga jerin na'urorin da ke kan Wi-Fi ɗinku. In kun ga baƙin da ba ku sani ba, ku canza kalmar sirri, ku zaɓi tsaron WPA2 ko WPA3. Ko na gida ma, mutum ɗaya mai sauke babban fayil zai iya rage wa kowa gudu.

Sayen ƙarin na'ura

Sai an gwada duk waɗannan sannan a yi maganar saye. Akwai na'urar da ke karɓar sigina ta sake watsa ta gaba. Kuskuren da aka fi yi da ita shi ne kai ta cikin ɗakin da babu sabis, alhali abin da ta ji shi take maimaitawa. Wurinta tsakanin rauta da ɗakin ne, inda sigina take da sauran ƙarfi, kuma mai rediyo ɗaya, wato wadda take karɓa take kuma watsawa da sashe guda, takan rage gudu zuwa kusan rabi. Babban gida ya fi dacewa da tsarin mesh, wato na'urori 2 ko 3 masu aiki tare da suna ɗaya. Abin da ba ya motsi kuwa, kamar talabijin ko kwamfutar tebur, shawarata a ja masa kebul na Ethernet, wanda ke kaiwa har mita 100 ba tare da bango ya dame shi ba. Idan kuma rautar ta tsufa har ba ta da zangon 5, canza ta zai fi amfani a kan ƙara mata wata na'ura.

Aikin gida

Ku zana taswirar gidanku a takarda, ku sa alama a inda rautar take. Ku zaga kowane ɗaki da waya, ku rubuta yawan sandunan Wi-Fi da kuka gani. Sannan ku matsar da rautar zuwa wuri mai tsayi kusa da tsakiya, ku sake zagawa, ku rubuta sababbin lambobin a gefen na farko. Ku zo da takardar aji na gaba mu duba tare.