Idan mahaɗin da ke turo mutane shafinka ya ɓace, ga yadda za ka bi sawunsa

Masu shafukan intanet a nan Katsina, da zarar Google ya daina nuna su a sahun gaba, abin da suke fara ce mini shi ne an yi musu kutse. Galibi ba kutse ba ne. Wani mahaɗi ne, wato link, da wani shafi ya saka yana nuno nasu, aka goge shi ko ya mutu.

Tun 1998 da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google, tsarinsu na PageRank yake ɗaukar irin wannan mahaɗi a matsayin shaida. Kamar a kasuwa ne: dattijon da kowa ya sani in ya ce "je wajen wane, kayansa na da kyau", maganarsa ta fi ta yara ashirin nauyi, kuma ranar da ya daina ambatonka ciniki zai ji a jikinsa. Yau Google na duba abubuwa da yawa bayan mahaɗi, amma bai cire shi daga lissafi ba.

Saukar shafinka a Google ba ta zuwa ran da aka goge mahaɗin. Sai Google ya sake ziyartar wancan shafin ya tarar babu mahaɗin, kuma hakan kan ɗauki kwanaki ko makonni. Don haka in za ka bincika, koma baya da wata ɗaya ko biyu kafin ranar da ka lura maziyarta sun ragu.

Fara da Google Search Console, wato dandalin da Google ke nuna wa mai shafi bayanan shafinsa, kyauta ne. A sashen Links za ka ga shafukan da ke nuno naka. Ba zai ce maka ga wanda ya ɓace ba, shi ya sa nake sauke jerin duk farkon wata in ajiye, sai in gwada na wannan watan da na watan jiya. Manhajojin Ahrefs da Semrush suna ware waɗanda suka ɓace kai tsaye, sai dai cikakken aikinsu da dala ake biya, kuma ƙaramin shafi bai kai ga wannan ɗawainiya ba.

Da ka gano wanda ya ɓace, buɗe shafin da idonka. Abin da na fi cin karo da shi, kuma ya fi ba ni takaici, shi ne mahaɗin yana nan daram, matsalar a gida take. Wani matashi da nake taya aiki yana da shafi kan tarihin Katsina, da rubutu mai kyau kan Hasumiyar Gobarau da hotunan hawan Sallah da ya ɗauka a Ƙofar Soro. Wata jarida ta nuno rubutun, ɗalibai ma suna nuno shi. Ya ɗauke shafin daga dandalin Blogger ya koma na WordPress, adireshin kowane rubutu ya canja, duk wanda ya danna tsohon mahaɗi sai ya tarar da 404, wato saƙon cewa babu shafin. Babu wanda ya goge masa komai, amma a wajen Google shaidar ta faɗi ƙasa banza.

Maganin wannan shi ne turawa ta 301, wato ka sa tsohon adireshi ya riƙa miƙa mutum zuwa sabon. A WordPress akwai ƙarin manhaja mai suna Redirection da ke yin haka ba tare da ka taɓa lambobin shafi ba. Kowane tsohon adireshi ka haɗa shi da rubutun da ya gaje shi. Kada ka kwashe su duka ka tura fuskar farko ta shafin don neman sauƙi, Google na ɗaukar hakan tamkar 404 ne. Kuma ka bar turawar aƙalla shekara guda. Ni ba na cire ta ma sam.

In kuwa can aka cire, nemi tsohon kwafin shafin a Wayback Machine, rumbun da ke ajiye tsofaffin kwafin shafuka, ka ɗauki hotonsa, sannan ka rubuta wa mai shafin. Sau da yawa gyaran shafi suka yi mahaɗin ya salwanta ba da niyya ba. Ni ga yadda nake rubutawa: "Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. A rubutunku na hawan Sallah kun taɓa nuno shafinmu, na ga mahaɗin ya fita bayan gyaran da kuka yi. Ga sabon adireshin, in da hali a mayar. Allah ya saka da alheri." In mako biyu ya wuce shiru, tuna masa sau ɗaya, ka bar shi haka.

Shafin da ya mutu gaba ɗaya, misali mai shi bai sabunta rajistar sunan ba, wannan sai haƙuri. Ka dai duba ranar ƙarewar taka rajistar, don ita in ta kuɓuce duk mahaɗanka lokaci guda za su tafi.

Ba kowane mahaɗi ne ya cancanci a bi shi ba. Wanda ke ɗauke da alamar nofollow, wadda ke ce wa Google kada ya ɗauke shi a matsayin shaida, da aka fito da ita a 2005, dama ba ya kawo wani nauyi sosai, kuma yawancin na kafafen sada zumunta haka suke. Na shafukan caca da na tarkace da ba ka san yadda aka yi suka nuno ka ba, tafiyarsu alheri ce.

Abin da nake roƙon ka, ɗan'uwa, kada zafin saukar ya kai ka ga masu tallar mahaɗi dubu a kan kuɗi kaɗan. Tun da ya sabunta tsarin bincikensa a 2012, sabuntawar da ake kira Penguin, Google ke farautar irin wannan, daga 2016 kuma yawanci watsi kawai yake yi da su, wani lokaci ya hukunta shafin. Wannan kuɗin gara ka sa data, ka je Daura ka ɗauko hotunan rijiyar Kusugu da bayani ingantacce, abin da wata jarida ko malamin makaranta zai nuno da kansa.

Bayan ka gyara, saka adireshin da ka gyara a akwatin binciken Search Console ka nemi Google ya sake duba shi, sannan ka ba shi makonni kafin ka yanke hukunci ko gyaran ya kama.