Sunan dangi a Ingila: wanda ke fasfo shi ne naka

Sabon zuwa kan ga Arkwright a kan takardar haya ya ɗauka sunan mahaifin mai gidan ne. A'a, sana'ar kakan kakanni ce: mai haɗa akwatunan katako na adana gari. Masu sunan ba su da yawa, tushensu yankin Lancashire a arewa maso yammacin Ingila, inda aka haifi Richard Arkwright a garin Preston a 1732, wanda ya yi rajistar injin kaɗin auduga a 1769. Gadon suna ya fara kankama ne bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar a 1066, zuwa wajen 1400 yawancin iyalai sun tsaya a kan suna guda. Sana'ar ta mutu, sunan yana nan.

Mu kuwa wani sunan mahaifi yake sawa, wani na gari kamar Aminu Kano da Shehu Shagari. Al'ada ce mai kyau, amma kwamfutar ofis ba ta san da ita ba, kuma nan ne mutanenmu ke ta faɗawa rami ɗaya. Fasfo ya ce Mohammed, a banki ka rubuta Muhammad, wurin likita ka juya sunayen, na farko ya koma ƙarshe. Ka zama mutum uku ke nan. Tun 2016 doka ta wajabta wa masu gidaje a Ingila su tantance izinin zaman ɗan haya. Dillali zai shigar da lambar tantance izinin zama da ka ba shi, ya ga sunan bai dace da na takardar albashi ba, kafin ka gama bayani an ba wani ɗakin. Don Allah, ka kwafi sunan da ke fasfo harafi da harafi: a bizar intanet, banki, wurin aiki, lambar inshorar ƙasa (wadda ake biyan haraji da ita). Alhaji da Malam ba sa shiga fom. In kuskuren daga fasfo yake, shi za ka fara gyarawa a ofishin jakadancin ƙasarku.

Mata ba dole ba ne su ɗauki sunan miji, su dai riƙe takardar aure. Jariri ana yi masa rajista cikin kwana 42, kuma canja sunan dangi daga baya wahala ce, don haka ku yanke shawara kafin ranar suna. In nasa ya bambanta da na mahaifiyarsa, ta tafi da takardar haihuwa duk lokacin da za su tsallaka iyaka, domin jami'ai na iya tambaya.