Darasi na 9: Yaro mai naƙasa da kujerarsa a lakwal

Mu karanta

A unguwar Bukoki, cikin birnin Yamai, wata uwa tana da ɗiya mai shekara bakwai. Sanƙarau ya kama yarinyar tun tana goye. Ta tashi, amma kunne ya tafi. Kullum da safe yaran gidan sukan ɗauki allo da alli su nufi lakwal, ita kuwa ta tsaya bakin ƙofa tana bin su da ido har su sha kwana. Daga nan sai a miƙa mata tsintsiya.

Ran nan maƙwabciyarsu ta shigo aron turmi, ta tarar da yarinyar durƙushe tana zana kaza da ƴan tsakinta a ƙasa da tsinke.

"Yaya, me ya hana ki kai yarinyar nan lakwal?"

"Haba ƙanwata, wa zai karɓi kurma? In mushe ya yi magana, da me za ta ji?"

"Da ido za ta ji. Ki dubi aikin hannunta mana."

Abin da doka ta ce

Maƙwabciyar nan tana da gaskiya, kuma doka tana bayanta. A shekarar 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da yarjejeniya kan haƙƙin masu naƙasa, Nijar ta amince da ita a 2008. Sashe na 24 ya ce kada a hana yaro makaranta saboda naƙasarsa, kuma a tanadar masa abin da zai sauƙaƙa masa karatu, kamar rubutun makafi da maganar hannu. A watan Disamba na 2019 ƙasarmu ta yi tata dokar, mai lamba 2019-62, don shigar da masu naƙasa cikin harkokin jama'a. Ke nan uwar da ta kai kurma ko makaho ko gurgu lakwal ba roƙo ta je ba, haƙƙin ɗanta ta je karɓa.

Ina za a kai shi?

A Yamai akwai makarantar kurame ta Hassane Bana Bâ, inda ake koyarwa da maganar hannu. Akwai kuma makarantar makafi ta Soly Abdourahamane, inda yara ke karatu da yatsa. Rubutun nasu, Braille, ɗigo shida ne masu tudu a kan takarda, ana sauya zamansu su ba da kowane harafi. Amma ba kowane yaro ke buƙatar makaranta ta daban ba. Wanda shan-inna ya taɓa wa ƙafa, lakwal ɗin unguwa ta ishe shi, in an sama masa keke ko sanda da aji marar matakala. Mai raunin gani ko ji, sau da yawa bencin gaba kawai yake nema, kusa da babban allo, inda zai ga bakin malami.

Mai farfaɗiya fa? Nan ne muka fi zaluntar yara. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu ko ta taɓawa, kuma tana da magani a likita. In ta tashi, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa komai a baki.

Ke uwa, kafin ki fita gida nema wa yaro lakwal, ki riƙe takardar haihuwarsa. In babu, a kotu ake yin wadda ke maye gurbinta. Ki kai shi likita a duba shi a ba ki takarda, sannan ki je wurin daraktan lakwal tare da yaron, don ya gan shi da idonsa. In ya ce babu wuri, kada ki naɗe tabarma ki koma gida. Ki nemi kwamitin iyayen yara, ko ofishin sufetan makarantu, ko tarayyar ƙungiyoyin masu naƙasa ta ƙasa, FNPH, su raka ki.

Mu rubuta

Kowa ya rubuta a littafinsa: "Ɗiyata kurma ce, kuma za ta yi karatu." Kafin zama mai zuwa, ku ƙirga yaran layinku masu naƙasa da ba sa zuwa lakwal, ku zo mana da adadin kawai, ban da sunaye.