Yadda Ake Ciro DNA da RNA da Bututun Silika

Aikin gaba ɗaya ya dogara ne a kan halin siririn faifan silika da ke gindin bututun: idan akwai gishirin guanidin mai yawa tare da etanol, DNA da RNA, wato sinadaran gado da ke cikin ƙwayoyin halitta, sukan manne masa, da zarar kuma an zuba ruwa mara gishiri sai su sake shi.

Idan jini ne, a ɗebe shi a kwalba mai EDTA, sinadarin da ke hana jini daskarewa, ba mai heparin ba, domin heparin yana hana PCR, wato hanyar ninka DNA, aiki. A kayan ciro DNA na QIAamp, ana haɗa maikurolita 200 na jini da 20 na Proteinase K mai narkar da furotin da 200 na ruwan fasa ƙwayoyin halitta, a girgiza sosai, a ajiye a zafin digiri 56 na minti 10. Daga nan a ƙara etanol maikurolita 200, a juye cikin bututun ba tare da an jiƙa bakinsa ba, a juya a santirifuj, na'urar juya samfur da sauri, na minti ɗaya a gudun juyi 8,000 a minti. Ruwan da ya tsiyaye ƙasa a zubar, amma kada a kuskura a haɗa shi da bilic, saboda haɗuwarsa da guanidin tana fitar da iska mai guba.

Wanki sau biyu ne, kuma a nan ne masu gaggawa suke ɓata aikinsu. Etanol ɗin da ya taimaka da farko, idan ɗigonsa ya saura a faifan, shi ne zai lalata PCR, don haka bayan wanki na biyu a sauya mazubi, a sake juya bututun babu komai a ciki na minti ɗaya a cikakken gudu. Sannan a ɗiga ruwan saki, wato mara gishirin da zai sako DNA, daidai tsakiyar faifan, a jira minti ɗaya zuwa biyar kafin juyi na ƙarshe.

RNA ya fi neman kula, domin RNase mai cinye shi yana nan a fatar hannu da ƙurar ɗaki. A riƙa sauya safar hannu, a ɗora samfur a kan ƙanƙara, a yi amfani da DNase don kawar da ragowar DNA.

A awon tsabta, rabon hasken da samfur ke sha a tsayin zango na nanomita 260 da na 280 ya kamata ya kai kimanin 1.8 ga DNA, 2.0 ga RNA. DNA yana zama lafiya a digiri 20 ƙasa da sifili, RNA kuwa sai 80 ƙasa da sifili.